Yadda Karatun Yaya Luba Ya Kai Ni Shagari

Nana, ke nake rubuta wa wannan, ke da ƙannenki, ko da yake yanzu ko sunanki ba ki gama iya rubutawa a miƙe ba. In kin girma ki karanta. Ranar sunan ƙaninki na ji wata tsohuwa tana gaya miki wai bakina ne ya yi yawa, shi ya sa Inna ta gaji ta tattara ni ta kai Shagari. Na ƙyale ta don ranar taro ce, kuma ta girmi uwata. Baki kam ina da shi, ban musa ba. Amma karatun uwarki ne ya kai ni Shagari, kuma tun da na san ita ba za ta taɓa zama ta ba ki labarin ba, bari ni in ba ki.

Uwarki, Yaya Luba, ita ce ta fari a ɗakinmu. A Shagari aka haife ta, gidan su Inna, kamar yadda ake yi da haihuwar fari, kuma da aka yaye ta can aka mayar da ita wurin kakarmu. Da kaka ta rasu, Kawu Modi, yayan Inna uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce ba inda za ta. Shi da matarsa Gwaggo Hajo Allah bai bar musu haihuwa ba, waɗanda suka samu duk sun koma tun suna goye. To Luba ta zama tasu. Kawu ne ya sa ta makaranta, shi ya riƙa zaunar da ita a zaure yana koya mata lissafi da ƙwallon dabino, don shi ma'aikacin baitulmali ne a ƙaramar hukuma, kuma a ganinsa duk wanda bai iya lissafi ba bai gama zama mutum ba. Mu a Boɗinga sai da hutu muke ganinta. Ta zo da kayanta a ninke, tana magana ƙasa-ƙasa, tana neman izini kafin ta sha ruwan randar gidan ubanta.

Inna kuwa kunyar ɗan fari ta riƙe da hannu biyu. Ke ba ki san wannan ba, don uwarki tun daga ƙofar gida take kwaɗa miki kira. Inna ba ta kiran sunan Luba, ba ta kallonta ido cikin ido, ba ta yi mata magana kai tsaye. Ɗiyar Shagari take cewa, ko baƙuwarku. Duk abin da za ta gaya mata sai ya bi ta bakina, ko da su biyun suna zaune a tabarma ɗaya.

"Kulu, tambayi baƙuwarku in tana son ƙarin miya."

"Inna, ga ta nan gabanki. Kunnuwanta biyu awa nawa."

"Da ke nika magana."

Sai in juya in ce, "Yaya, wai kina son ƙarin miya?"

Ita ma, Allah ya shirya ta, sai ta dubi ƙasa ta ce, "Ce ma Innar Kulu na ƙoshi."

Haka na tashi, ina kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna. Abin yana ba ni haushi har wuya. Sai dai ko makaho ya san tsokar da ta fi girma a tukunya kullum a kwanon baƙuwa take sauka.

Shekarar da nake ba ki labari na gama sakandare, na kuma faɗa wa Baba kada ya wahalar da kansa, ni da benci mun yi sallama. Ba daƙiƙiya ba ce ni, a lissafi ma na fi Yaya nesa ba kusa ba, zaman ne ba na iyawa. Na koyi ɗinki, Baba ya sayar da albasa ya saya mini keke, na kafa shi a ɗakin da ke kusa da zaure, kuma kafin damina ta yi nisa 'yan matan unguwarmu sun san hanya. Ina jin daɗin rayuwata ƙwarai. Da safe in taya Inna aiki muna faɗa, da rana in taka keke, da yamma mu ɗora faɗan daga inda muka tsaya. Ni kaɗai ce mace a gabanta, ƙannena duk maza ne, kullum suna gona tare da Baba. Ni take zagi, ni take yi wa kitso, ni take gaya wa ciwon bayanta.

Ita kuma Yaya ta gama shekararta ta farko a jami'a a Sakkwato, a tsangayar da ake karanta al'amuran jama'a. Tsarinsu a lokacin shi ne, shekarar farko ka ɗauki fanni uku ka ɗanɗana. In ka shiga ta biyu sai ka ɗaga ɗaya ya zama babba, wanda sunansa zai hau digirinka, ka riƙe ɗaya ƙarami yana biye da shi, na ukun kuma ka sake shi, ba komowa. Kawu ne ya zaɓa mata tattalin arziki tun ranar farko. Sauran biyun ya bar mata, don a wurinsa ciko ne kawai. Ta ɗauki labarin ƙasa, wanda su suke kira jogirafi, da nazarin zamantakewa. Ranar da aka bayyana wa Baba wannan tsari ya daɗe yana shafa gemu.

"Taura biyu ba ta taunuwa," ya ce, "ita uku sunka ba ta. Allah shi taimaka."

Abin da Kawu bai lissafa ba shi ne cikon zai fi mata tuwon daɗi.

Na gane haka ne a Danchadi. Dogon hutu ne, ruwa ya fara ɗaukewa, Baba yana gyaran fadamarsa don yafa irin albasa, Inna ta aike mu kai musu abinci. Ni niyyata mu ajiye mu juya, ina da rigar amarya a kan keke. Yaya kuwa ta tuɓe takalmi ta shiga laka. Yarinyar da a gida sai ka kasa kunne kafin ka ji ta, ta tsare tsofaffin fadama da tambaya. Zamanin ubanku gaba nawa kuke haƙawa kafin ku ishe ruwa? Yanzu fa? Me ya sa ƙasar can take tsagewa ta nan ba ta yi? In ruwa ya ja baya, wa ke fara ban-ruwa, wa ke jira? Ta ɗebi ƙasa tana murzawa a yatsu, har da shinshinawa. Tsofaffin nan kuwa kamar jira suke a tambaye su, kowa yana katse ɗan'uwansa. Ni na gaji na zauna a kan injin ban-ruwa ina cizon yatsa.

"Yaya, ke ɗiyar jami'a, mi kika nema cikin laka?"

Ta zo ta zauna kusa da ni, ƙafafunta baƙi ƙirin, idonta yana sheƙi yadda ban taɓa gani ba.

"Kulu, dubi gonar Baba, dubi waccan. Iri guda, taki guda, amma albasar waccan ta fi girma kowace shekara. Ruwa na. Ƙarƙashin ƙasar ga shina da hanyoyi nai da ba mu gani. Jogirafi shi ka gwada maki inda ruwa yake. Zamantakewa ita ka gwada maki wa ka ɗiba, wa aka hanawa, da dalili. In na haɗa su biyun ga, na san abin da niz zo yi duniya."

"To haɗa mana. Wa yar riƙe ki?"

"In na haɗa su, tattalin arziki nika saki."

Ta ci gaba tana kankare laka da tsinke.

"Ba faɗuwa nika yi ba, ina ci. Awa mai shan maɗaci dai. Da faɗuwa nika yi da ya fi sauƙi, sai in ce ma Kawu su sunka kore ni."

"Kin gaya mai?"

"Na fara. Yay yi dariya. Yac ce in na gama akwai kujera tana jirana ofis nasu, shi zai zaunar da ni da hannu nai kahin shi aje aiki."

Kwanaki kaɗan suka rage a koma makaranta, kuma ranar rajista ake yanke maganar. Na san Yaya. Za ta je ta rubuta abin da Kawu ya ce, ta dawo tana murmushi, ta yi sauran rayuwarta a kujerar da ba ta so, kuma ba wanda zai taɓa jin ta yi ƙorafi.

Ranar Juma'a Kawu ya zo ɗaukarta a tsohuwar motarsa mai tari, ya kawo mana kifi daga madatsar ruwa. Bayan an sauko masallaci suka zauna shi da Baba a gindin dogonyaro, Yaya tana gefe, Inna tana bakin ɗaki ta ba su rabin baya. Ni aka ba fura in kai. Na durƙusa na ajiye, kuma wallahi ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta.

"Kawu, Yaya ba ta son tattalin arzikin ga."

Ludayi ya tsaya a hannunsa. Ya dube ni, ya dubi bakin ɗaki inda Inna take.

"Balki, wagga ɗiya taki har yau ba a sa mata linzami ba?"

"Jogirafi taka so," na ce, "da zamantakewa. Ita ba ta iya faɗi, ni na iya."

"To, Malama Kulu. Ke da kinka tsere ma benci, yau ke ka raba karatun jami'a? Gaya mani, wanda yak karanta ƙasa, ina ofis nai yake? Bakin rijiya?"

"Ko bakin rijiya na, ai ita za ta zauna, ba kai ba."

"Kulu!" in ji Baba, da muryar da yake kora awaki daga gona.

Kawu bai ƙara kallona ba. Ya juya wurin Yaya, muryarsa ta yi laushi.

"Lubabatu, hakanan na?"

Ita kuwa kanta a ƙasa, ta ce, "Duk abin da kac ce, Kawu."

Na so in ɗauki ƙwaryar furar nan in kife mata a kai. Kawu ya ajiye ludayin. Na zata faɗa zai yi, na ma shirya amsa, amma fuskarsa ba ta mai fushi ba ce. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, masu karatun ƙasa ba su zama wuri guda, yau suna wannan daji gobe suna wancan. Bai shanye furar ba. Kafin la'asar ya sa Yaya a mota sun kama hanyar Shagari.

Baba ya yi mini faɗan da bai taɓa yi mini ba. Na ce masa shi ne ubanta, ya buɗe baki mana. Ya ce abin da ka bayar ya fita hannunka. Ya ce ba shi ya goya ta zuwa asibiti ranar da ƙyanda ta kusa ɗauke ta ba, ba shi ya tsaya a rana yana neman mata makaranta ba, to da wane ido zai je yau ya ce wa Modi ga yadda za a yi da yarinya? Na bar shi na koma kan Inna. Na same ta washegari tana sheƙar gero a bayan ɗaki.

"Inna, ɗiyarki ta fa."

"Ɗiyar Modi ta."

"Ke kinka haife ta! Kina gani za a sa ta abin da ba ta so, kin yi shiru awa ba ki gida."

"Tashi ki ba ni wuri, kina tare mani iska."

Na tafi ina buga ƙafa, na yi kwana biyu ba na yi mata magana sai dole. Amma ina lura. Ta sa gishiri sau biyu a miya. Ta bar tuwo ya kama. Kuma ta riƙa jefo mini tambayoyi ta gefe, tana wani aiki, kamar ba ta damu da amsar ba.

"Shi wanga na ƙasa, in an ƙare shi, ana cin abinci da shi?"

"Ban sani ba."

"Na lissahin fa?"

"Shi kam ana ci."

"Uhm."

Can da yamma kuma, tana tsince shinkafa: "Gidan Modi, tun da baƙuwarku tat tahi makaranta, wa ka ɗebo ma Hajo ruwa? Ga ta da ciwon gwiwa."

Na ce ina ruwana da ruwan Gwaggo Hajo. Ban gane inda ta dosa ba, ni da nake ganin na fi kowa wayo a gidan.

Ranar Talata da safe ta ce in sa hijabi in raka ta Shagari. Inna ba ta zuwa gidansu sai da dalili, biki ko rasuwa, amma ban tambaya ba don har lokacin fushi nake yi. Muka shiga motar haya, aka matse mu a baya tare da buhunan wata mata. Muka yi ta tafiya har muka kusa Dandin Mahe. Sannan Inna, tana kallon gonakin da aka girbe ta taga, ta ce:

"Kulu, keken ga naki, shina ɗinki in an kai shi wani gari?"

"Keke na, Inna, ba icce ba na da saiwa."

"'Yan matan Shagari ma suna sa tufafi."

A nan na gane.

"Ni za ki bayar?"

"Na yi magana da ubanki, yac ce sai in kin yarda. In kin ce a'a, mu gaishe su mu komo, ba wanda zai ji."

"To in na tahi, wa zai taya ki aiki? Wa zai yi maki tausa?"

Har yanzu taga take kallo. Sai na ji an ja ni, na duba, ashe gefen hijabina ta damƙe a hannunta, ta nannaɗe shi a yatsu har sun yi fari. Nana, ki gane wannan da kyau. Mata biyu Inna ta haifa. Ɗaya al'ada ta hana ta nuna tana so. Ɗayar kuma, wadda take da ikon zagi da runguma, ita ta ɗauko a mota za ta bayar don waccan ta samu abin da take so. Na yi tunanin ɗakina na kusa da zaure, da ƙawayena, da rigar amaryar da ban gama ba. Na yi tunanin ƙafafun Yaya cikin laka. Motar ta yi ta gudu, ni kuma ba na son dogon tunani.

"Sai dai da kekena," na ce. "Kuma ba ni daka."

"Daka kam sai kin yi."

Mun sami Kawu a gida bai fita ba. Aka shimfiɗa tabarma a rumfa, aka yi gaisuwa mai tsawo, lafiyar gida, lafiyar yara, ya ruwa, ya gajiya, aka sake komawa farko. Yaya ta fito ta durƙusa ta gaida Inna, Inna ta amsa wa bango, Yaya ta shige madafa. Ni na san tana bayan zana tana jin komai. Da gaisuwa ta ƙare Inna ta gyara zama ta fuskanci Kawu.

"Yaya, ƙara nik kawo maka. Wagga ɗiya ta fi ƙarfina. Ka dai ji da kunnenka ranar Juma'a. Ubanta ya yi, na yi, ba ta ji. Lissahi ko kai tag gado, ko mai awo ba ya cutarta. Gidana hayaniya ta yi yawa, naka ya yi shiru. Ka riƙe mani ita."

Daga nan tsohuwar can ta samo labarinta, kin gani. Ni kuwa ina zaune ana kushe ni a gabana, na cije leɓe har ya kusa jini.

Kawu ba yaro ba ne. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya dubi ƙanwarsa ya daɗe.

"Balki, ciniki kinka zo yi?"

"Ni ban san ciniki ba. Ɗiya nik kawo."

"Waccan fa?"

"Wace? Ni ɗiya mace guda gare ni, ga ta nan zaune."

Gwaggo Hajo ta ja mayafi ta rufe fuska. A madafa wani abu ya faɗi. Kawu ya sunkuyar da kai, kuma da ya yi magana muryarsa ba irin ta ofis ba ce.

"Tun da yarinyar ga tat tahi Sakkwato, ni da Hajo muna cin tuwo ba mai cewa komi. Nic ce in ta yi lissahi ta komo nan, ta yi aiki nan, ta yi aure nan, in riƙa jin takunta da sahe. Ban ce karatun ƙasa banza na ba. Nisa garai."

Inna tana wasa da bakin tabarma. Sai ya ɗaga murya.

"Lubabatu!"

Ta fito idonta jawur ta durƙusa.

"Tahi ki karanta ƙasarki. Ki haɗa ta da abin da kika so. Allah shi yi albarka." Ya juyo kaina yana nuna ni da yatsa. "Ke kuma, gidan ga ba a katse babba in shina magana."

"To babba shi riƙa gajartawa," na ce.

Ya yi dariya har da tari, Gwaggo tana kuka tana dariya, Inna ta ce, "Ka ji ko? Ka ji abin da nika gaya maka?" Ita da Yaya ba su kalli juna ba ko sau ɗaya. Da za mu tafi dai Inna ta ce mini in gaya wa ɗiyar Shagari ta rage shiga rana, ta yi baƙi.

Kafin sati ya zagayo an ɗaure kekena a bayan motar Kawu. Ba zan yi miki ƙarya ba, watannin farko sun yi mini wuya. Ban san kowa ba, ɗinki bai zo da wuri ba, na ɗebi ruwa, na yi dakan da na ce ba zan yi ba, na yi kuka a bayan ɗaki inda Gwaggo ba za ta gani ba. Abin da ya riƙe ni shi ne sanin cewa Yaya tana can tana karanta abin da ranta yake so. Sai ga ta ta zo wani ƙarshen mako, ina tambayarta yaya zamantakewa, ta fara kame-kame.

"Jogirafi nis sa babba," ta ce.

"Na sani. Ƙaramin fa?"

"Tattalin arziki."

Na tsayar da keke. "Maimaita."

"Zamantakewa nis saki, Kulu. Na je zan rubuta, sai nit tuna shi zaune zaure da ƙwallon dabino. Hannuna ya ƙi."

"An ba da ni sukutum, ke kin je kin karɓo rabi! Da kin gaya mani ai da rabina anka kawo, ƙafafu nan, kai Boɗinga."

"Kawu na," ta ce. Iyakar hujjarta ke nan, har yau.

Na yi kwana biyu ina gaba da ita. Amma na ga fuskar Kawu da ya ji. Ya tashi ya shiga ɗaki ya fito da tsofaffin littattafansa yana kaɗe su. Duk hutu su biyun suna zaure suna zane-zanen farashi da kasuwa, ita tana yamutsa fuska, shi kamar an ba shi kujerar Makka. Ta sha maɗacinta har ta gama. Zamantakewar da ta saki kuwa ba ta daina yi mata ciwo ba, shi ya sa kike ganin littattafan nan a kan durowarta waɗanda ba na aikinta ba. Da ta gama ta daɗe a gida ba aiki, kujerar baitulmali an ba wani, kuma Kawu bai taɓa cewa ai na faɗa ba, ko da yake na sha ganin maganar ta zo masa har leɓe. Daga baya ta samu aiki da masu haƙa rijiyoyi da gyaran fadamu, kuma kamar yadda ya ce, yau tana wannan daji gobe tana wancan. Ni ce na zauna. Ni na yi aure a Shagari, takuna yake ji da safe, kuma har gobe ba mu gama musu ba.

Wadda ta fi kowa biya ita ce Inna, don an bar ta a gida da maza zalla. Hutun farko bayan tafiyata Yaya ta je Boɗinga, kuma a karon farko ba mai kai saƙo. Ita ta ba ni labari. Ta ce kwanakin farko kewaya juna suka riƙa yi kamar baƙin kaji. In abinci ya sauka sai Inna ta tsaya tsakar gida ta ce wa iska, ko akwai mai son ƙarin tuwo gidan ga? Yaya ta ce wa turmi ta ƙoshi. Rannan da hantsi suna zaune suna ware albasar da ta fara lalacewa, su biyu kaɗai, Inna ba ta ɗaga kai ba ta ce:

"Ke. Karatun ƙasar ga, shina shiga?"

Yaya ta ce sai da ta waiga ta ga ko da wani a bayanta.

"Shina shiga."

"To gaya mani. Ruwan rijiyarmu ga, ina yaka zuwa da bazara?"

Yaya ta share ƙasa da tafin hannu ta fara zana mata da tsinke. Inna ta ce ba haka ba ne, zamanin da aka kawo ta gidan rijiyar ba ta ƙafewa. Yaya ta ce to ai shi ne, ta sake zanawa. Azahar ta yi ta wuce. Baba ya dawo daga Danchadi da yunwa ya tarar ko wuta ba a hura ba, albasa tana nan a zube, su biyu sun haɗa kai a kan zanen ƙasa suna gardama.

Ranar kasuwa Baba ya zo Shagari takanas. Ya same ni a kan keke, ya zauna a bakin ƙofa, ya sha ruwa, ya ba ni labarin tun daga farko. Ya ce kwana uku ke nan ba ya samun abincin rana a kan lokaci. Sannan ya dube ni yana girgiza kai.

"Kulu," ya ce, "ashe duk shekarun ga ke ka tare musu hanya."